Kanwa a Tamale: Abin da Take Warkarwa da Abin da Take Ɓoyewa

Tun kafin Tamale ta zama birni, kanwa ta san hanyar ƙasar Dagomba. A ƙarni na 19 fataken Hausa kan ɗauko ta daga Barno bisa jakuna, su ratsa Bargu, su bi ta Yendi har Salaga, inda ake musanya ta da goron Asante. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, fatake suka bazu neman wani zango. Da Turawan Ingila suka mayar da Tamale hedikwatar arewacin Gwalkwas a 1907, zangonta ya cika da Hausawa, kuma har yau ana kasa kanwa a kasuwar Aboabo. Ba don miya da dabbobi kaɗai aka sha wahalar kawo ta ba. Magani ce: wanda ciki ya kumbura masa bayan tuwo sai ya jiƙa 'yar kaɗan, ya sha, ya yi gyatsa, ya sami sauƙi.

Sauƙin nan gaskiya ne, domin kanwa na kashe kaifin ruwan tsamin da ciki ke fitarwa. Sai dai amincin da ta samu shi ya sa aka tara cututtuka dabam-dabam a ƙarƙashin suna ɗaya, "ciwon ciki", aka kuma ba su magani ɗaya. Wanda gyambon ciki ke damunsa, sau da yawa ƙwayar cuta ce sanadi, kamar yadda likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, kuma kanwa ba ta kashe ta. Wanda tsakuwa ta taru masa a matsarmama kuwa, ciwonsa kan taso bayan cin abu mai maiƙo, a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya harba zuwa baya ko kafaɗa. Idan tsakuwar ta toshe hanya, ido ya yi rawaya, sai a ce shawara ce, a koma ga saiwoyi. Babu jiƙon da ke narkar da wannan tsakuwa.

Za a ce kakanninmu da kanwa suka rayu. Haka ne, amma ba su da na'urar da ke leƙa ciki, mu kuwa muna da ita. Ita ma kanwar idan ta yi yawa tana cutarwa: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Za a kuma ce asibiti da tsada, wannan ma ba ƙarya ba ne, sai dai matsarmamar da ta ruɓe ta fi hoton ciki tsada nesa ba kusa ba.

Babban asibitin Tamale, wanda aka buɗe a 1974, yanzu asibitin koyarwa ne. Duk wanda ciwo ke dawo masa bayan kowane cin abinci har makonni, balle da amai, zazzaɓi ko rama, ya ajiye kanwa ya je a duba shi.