Littafin Gwanjo Da Ya Sa Baba Ya Yi Magana

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar kasuwa ce ta riƙe ni.

A nan Anacha, idan mun rufe shago da yamma, nakan tara yaran unguwarmu 'yan shekara goma zuwa sha uku a ƙofar gida mu yi karatun Turanci. Ni ba malami ba ne, iyakata sakandare. Kwanakin baya na tsinci wani littafin yara a wajen masu gwanjon littattafai, sunansa Across Five Aprils, wanda wata Ba'amurkiya mai suna Irene Hunt ta fitar a 1964. Daga labaran da kakanta ya ba ta ta gina shi.

Sunan yana nufin watannin Afrilu biyar, domin yaƙin basasar Amurka ya fara ne a Afrilun 1861, kuma babbar rundunar Kudu ta miƙa wuya a Afrilun 1865. Tushen rigimar bauta ce. Jihohin Kudu suna riƙe da bayi kusan miliyan huɗu, da aka zaɓi Abraham Lincoln sai suka ɓalle. Sama da mutum 600,000 suka mutu.

Amma littafin bai kai mu fagen fama ba. A wata gona ya ajiye mu a kudancin jihar Ilinoi, wajen wani yaro ɗan shekara tara mai suna Jethro. Yayyensa biyu suka shiga sojan Arewa, ɗaya mai suna Bill ya bi Kudu. Aka kashe ɗaya a gumurzun Shiloh a 1862. Mahaifinsu ya kamu da ciwon zuciya, noma ya dawo kan Jethro. Sannan wasu mutanen yankin suka zo da dare suka ƙona musu rumbu, saboda ɗansu yana ɓangaren abokan gaba.

Ranar da muka karanta wannan wurin, wata ƙanwata ta ce, "Yaya, to shi tsohon me ya yi musu?" Ina neman amsa sai na ji Baba, wanda na ɗauka rediyo yake saurare, ya ce, "Babu abin da ya yi. Mu ma babu abin da muka yi."

Mai karatu, a nan aka haife ni, amma ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar. A 1966, bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa, dubbai suka kwararo gida, aka fara ramuwa a kan 'yan Arewa mazauna Gabas. A watan Oktoba gwamnan soja Ojukwu ya ce waɗanda ba 'yan yankin ba su tafi. Baba yana da shekara bakwai. Kakanmu ya danƙa mukullin rumfarsa ga maƙwabcinsa, wani Ibo, wanda shi ne ya raka su cikin dare har suka tsallake Kwara. Aka ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, yaƙi ya ɓarke a Yuli, a Oktoba babbar kasuwar Anacha ta ƙone lokacin da sojan tarayya suka yi yunƙurin shiga garin. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970 kaka ya dawo. Babu rumfa, amma maƙwabcin ya miƙo masa mukullinsa. Yunwa ta ci masa 'ya'ya biyu.

Ba ina cewa yaƙin nan biyu ɗaya ba ne, dalilansu sun sha bamban. Abin da na gane shi ne, da kwanan wata da sunayen janar-janar na karanta wa yaran, da Baba bai tanka ba. Rumbun da aka ƙona wa tsoho ne ya taɓa shi.

Yanzu na ba kowane yaro aiki: ya tambayi wani dattijo, Bahaushe ko Ibo, me suka ci kuma ina suka kwana a waɗannan shekaru. Waɗanda suka gani da idonsu suna ƙarewa. Kai ma idan akwai irinsu a gidanku, tambaye su tun suna nan.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.