Littattafan Wasan Dungeons & Dragons da Darasinsu ga Marubuta

A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Amurka, mu duba tarihin wasu littattafai da aka rubuta domin a yi wasa da su, wato wasan Dungeons & Dragons. Yadda ake yin sa shi ne, mutum huɗu ko biyar su zauna kewaye da tebur, ɗaya ya zama jagora mai ba da labari, sauran kuma kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda. Jagora ya ce ga kogo ga dodo, ɗan wasa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sannan a jefa ƙwaya irin ta lido, ita ce za ta nuna ko ya yi nasara ko ya sha kashi. Abin da ke riƙe da wasan duka shi ne littafin ƙa'idoji.

Gary Gygax da Dave Arneson su ne suka ƙago wasan, kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya buga shi a shekarar 1974. Ƙananan littattafai ne guda uku a cikin kwali, kwafi 1,000 kacal, ana sayarwa dala 10. Tushensa kuwa wani littafi ne na wasan yaƙi mai suna Chainmail, na 1971, inda ake jera rundunoni na 'yan mutum-mutumi. Arneson shi ne ya bar runduna, ya ba kowane ɗan wasa jarumi ɗaya mai suna da hali. Daga nan wasan yaƙi ya koma ba da labari.

Ba a jima ba aka shiga buga littattafan ƙari. Greyhawk na 1975 shi ya kawo matsayin ɓarawo, mai buɗe makulli da kwance tarko. Blackmoor ya biyo baya a wannan shekara. Sai kuma manyan littattafai uku da ma'abota wasan ke ji da su har yau: Monster Manual na 1977, wanda ya jera dodanni da ƙarfin kowanne da rauninsa, da Players Handbook na 1978, da Dungeon Masters Guide na 1979.

Wannan na ƙarshe shi ya fi shafar mu marubuta. A ƙarshensa Gygax ya jera marubutan da ya sha a ƙoramarsu, irin su Robert E. Howard da Fritz Leiber da Tolkien da Jack Vance. Daga littafin Vance, The Dying Earth na 1950, ya ɗauko dokar tsafi: matsafi zai haddace surkulle ƙidayayyu, duk wanda ya karanta sai ya goge daga kansa, ba zai sake samun sa ba sai ya huta ya koma ga kundinsa. Saboda haka matsafi mai surkulle ɗaya dole ya yi tunani kafin ya kashe shi, kuma cikin wannan tunani ne labari ke yin daɗi.

Kamar yadda adabi ya haifi wasan, haka wasan ya dawo ya haifi adabi. A 1984 Margaret Weis da Tracy Hickman suka fitar da Dragons of Autumn Twilight a duniyar Dragonlance. A 1987 aka buga duniyar Forgotten Realms ta Ed Greenwood, da taswirarta da biranenta da tarihin sarakunanta, a cikinta R. A. Salvatore ya gina The Crystal Shard a 1988. A 1992 kuma aka fito da Al-Qadim, wadda aka ɗora kan labaran Dare Dubu da Ɗaya da muka taso muna ji, har da matsafin da ke aiken aljani ya ɗebo masa sihiri.

To, amma an ce kowa ya ci da yawa shi zai sha wuya. TSR ya yi ta ƙago duniyoyi, ga Spelljammer a 1989, ga Dark Sun a 1991, ga Planescape a 1994, har masu saye suka rarrabu, kowace duniya da 'yan tsirarun masoyanta. Littattafan da ba a sayar ba suka dawo, bashi ya taru, a 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR. Wasan dai bai mutu ba, domin an sake tsara ƙa'idojinsa a 2000 da 2014, aka kuma sabunta su a 2024 da ya cika shekara 50.

Mu da muka gaji Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, muna kuma rubuta labaran yaƙi da aljanu, akwai abin tsinta a nan. Sau da yawa jarumi zai shiga tsaka mai wuya, sai kawai marubuci ya zaro masa wata laya ko wani aljani da ba a taɓa ambata ba. Da zarar mai karatu ya gane haka, ya daina jin tsoro, labari kuwa ya mutu. A teburin wasa jagora ba shi da wannan dama, domin 'yan wasa za su buɗe littafi su ce ina aka rubuta.

Shawararmu ga mai shirin rubuta irin wannan labari ita ce ya tanadi littafin ƙa'idoji nasa tun kafin babi na ɗaya: tafiyar kwana nawa ce tsakanin birni da birni, me tsafi ke iya yi, me ba ya iyawa, kuma me mai yin sa ke biya. Sannan ya tsaya kan duniya ɗaya ya raine ta, kada ya bi sawun TSR. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.