Yadda aka fara auna raunin tsufa a gida

A shekarar 1935 aka danƙa wa likita Marjory Warren ɗaruruwan tsofaffi a asibitin West Middlesex da ke Landan, mutanen da aka riga aka fid da rai za su sake tashi. Ta bi su gado-gado tana dubawa. Da magani da motsa jiki, da yawansu suka miƙe, wasu har suka koma gidajensu.

Saura waɗanda ba su taɓa zuwa asibitin ba. A 1964 James Williamson da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi kan tsofaffin da ke zaune a gidajensu a yankin Edinbura, inda suka tarar da cututtuka jingim da likitocinsu ba su da labari. Tsoho ba ya son kai ƙara. Abin da ya dame shi duk sai ya ce shekaru ne. Wannan shirun ya ci mutane da yawa.

Ma'auni ya zo daga baya. A 1991 aka fito da gwaji mai sauƙi: dattijo ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, ma'aikaciyar jinya na duban agogo. A 2001 Linda Fried ta Jami'ar Johns Hopkins ta zayyana alamomi 5: ramewa ba gaira ba dalili, kasala, raunin riƙon hannu, tafiyar hawainiya da ƙarancin motsi. Mai 3 daga ciki ya shiga sahun masu rauni.

Tun 2017 aka wajabta wa likitocin unguwa a Ingila su gano masu irin wannan rauni cikin 'yan shekara 65 zuwa sama.