Daga Keken Rubutu zuwa Manhaja: Rubutun Haɗin Gwiwa a Magarya da Dungas

Gundumomin Magarya da Dungas suna bakin iyakar Nijar da Nijeriya, kusa da Ɓaɓura da Maigatari. Harshen mutanen ɓangarorin biyu ɗaya ne, amma rubutun bokonsu ya daɗe yana bin hanya biyu.

A Zariya an tsai da haruffa masu ƙugiya tun kafin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A Nijar kuwa, bayan taron Bamako na 1966, ma'aikatan yaƙi da jahilci sun riƙa ninka wasali mai tsawo, kamar yadda sunan jaridar Saabon Ra'ayii ya nuna. Sai a taron Yamai na 1980 aka daidaita ƙa'idojin ƙasashen biyu. Duk da haka saɓani ya rage: Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya tana rubuta 'y.

A wancan zamani aikin haɗin gwiwa yakan bi ta hannu ɗaya. Malaman karkara su aiko da rubutunsu, mai keken rubutu ya buga, ya ƙara ƙugiya da alƙalami idan kekensa ba shi da ita. Aikin yana da jinkiri, amma mutumin nan shi ne matacin da ke daidaita rubutun kowa.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ gurbi a kwamfuta. Daga baya manhajojin gyara tare, irin su Google Docs da shafin Wikipedia na Hausa, suka sa marubuci a Dungas da takwaransa a Kano suna iya taɓa shafi ɗaya ba tare da mataci ba. Saurin ya ƙaru, sai dai saɓanin da ake sharewa a da yanzu yana zama cikin shafin. A wurin na'ura, ƴaƴa da 'ya'ya kalmomi biyu ne, kuma wayar da ba ta da ƙugiya takan mai da ƙasa ta zama kasa.

Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, batun ya ƙara nauyi. Manhaja tana haɗa hannuwa ne kawai. Ƙa'ida sai mutane sun shirya ta. Ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su tsai da ƙa'ida da mai duba ƙarshe kafin a buɗe shafi, domin sabon mai karatu shi ke ɗaukar nauyin kowane saɓani.