Awa da Sa'a

Awa daga Turanci muka aro ta, ta shigo tare da ofis da agogo a zamanin Turawa. Da ita ake auna lokacin aiki: ma'aikacin gwamnati a Daura awa takwas ke kansa, daga ƙarfe 8 zuwa 4. Sa'a ta girme ta, Larabci ya ba mu. Gidajen rediyo na cewa "sa'o'i biyu", amma a kasuwa ta koma rabo: wane ya taki sa'a. Ƙayyade lokaci kuwa daɗaɗɗen abu ne a garin Daura, domin a labarin Bayajida ranar Juma'a kaɗai macijiyar rijiyar Kusugu ke bari a ɗebi ruwa. Ma'aikata, don Allah ku cika awanninku, jama'a na jira.