Sinnar: Birnin Sarakunan Funj da Maƙwabtansa Hausawa

Baƙon da ya sauka a ƙauyukan Hausawa na Jazira a ƙasar Sudan, in yana son ganin kayan tarihi, sai ya nufi Sinnar a bakin Shuɗin Nilu, kogin da Larabawa ke kira Bahar Azrak. Wurare uku ne zai gani kusa da juna, kowanne da labarinsa.

Na fari shi ne kufan tsohon birni. A shekarar 1504 Amara Dunƙas ya kafa daular Funj, Sinnar kuwa ta zama babban birninta har fiye da shekara 300. Sarki Badi na Biyu, wanda ya yi mulki a ƙarni na 17, ya gina babban masallaci da fada ta tubali mai hawa biyar. Fatake daga Masar da Habasha suna cin kasuwa a nan. Wani Bature matafiyi, James Bruce, ya sauka a birnin a 1772. Amma rigimar gadon sarauta ta raunana daular. Da Isma'il Pasha ya iso da rundunar Masar a 1821, sarki ya miƙa wuya ba tare da yaƙi ba. A wannan shekara Cailliaud, mutumin Faransa, ya zana fadar, ta riga ta soma zubewa. Sababbin masu mulki suka koma Wad Madani, daga baya Hartum, birnin ya yi ta lalacewa. Abin da ya saura shi ne tuddai da gutsattsarin tubali.

Na biyu shi ne madatsar ruwa da Turawan Ingila suka gama a 1925. Tsawonta ya kai kilomita 3. Ita ce ta shayar da gonakin auduga na Jazira, inda dubban Hausawa da Fulani, yawancinsu matafiya zuwa Makka, suka sami aikin yi, har suka kafa ƙauyuka.

Na uku shi ne garin Mai Wurno, kudu da Sinnar. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas. Wajen 1906 suka zauna a bakin kogin, garin ya ɗauki sunansa.

A 2017 an naɗa Sinnar cibiyar al'adun Musulunci ta shekara, aka tuna da darajarta ta dā. Sai ga yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023, wanda ya kai Jazira da jihar Sinnar, ya kori mutane masu yawa daga gidajensu.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, fadar Badi tana nan a zanen Cailliaud kawai, domin ba ta sami mai gyara ba. Labarin hijira daga Burmi kuwa yana bakin dattawa. In ba a rubuta shi ba tun suna da rai, zai bi sawun fadar.