Kakan da ya baro 'Yandoto

Wanda ya zauna a Tudun Wadar Gusau yana bin salsalar gidansu, sau da yawa sawun yakan ɓace masa a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da jirgin ƙasa ya iso da baƙi masu cinikin gyaɗa da auduga. Gidan sarautar garin kuwa sawunsa a fili yake, yana komawa ga Malam Sambo Ɗan Ashafa, malami kuma almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Sambo mutumin yankin 'Yandoto ne, tsohuwar cibiyar ilimi da ke tsakanin Gusau da Tsafe, wadda a wancan zamani take ƙarƙashin Katsina. Yawancin malamanta ba su amsa kiran jihadi ba, shi kuwa ya amsa. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi, malaman suka watse. Sambo ya kafa Gusau, kuma har yau mai riƙe da gadonsa Sarkin Katsinan Gusau ake ce masa, duk da cewa garin ne hedikwatar Jihar Zamfara tun 1996.

Zuriyar waɗanda suka ƙi mubaya'a ita ce ta fi wuyar bi. Labarin faɗuwar garinsu da aka fi dogara da shi yana cikin Infaƙul Maisuri, wanda Bello da kansa ya rubuta, kuma wanda ya ci yaƙi ba ya zama ya ƙirga jikokin wanda ya kora. Sunan garin dai ya tsira a Tsafe, inda ake kiran sarki 'Yandoton Tsafe.